Iyaye Masu Aiki da Rainon Yaro Mai Tatata

Ɗalibai, a kusan kowane gida akwai ƙaramin yaro wanda ya wuce jarirantaka amma bai isa shiga makaranta ba. Shi ne yaron da yake tsakanin shekara ɗaya da shekara uku. Hausawa suna kiran tafiyarsa ta farko "tatata", wato ya yi taku biyu ko uku, ya faɗi, ya sake tashi. A yau iyayen irin wannan yaro da yawa suna fita neman abinci tun da safe. Uwa tana iya zama malamar makaranta, ko ma'aikaciyar jinya, ko mai sayar da kayan miya a kasuwa. Uba kuma yana iya zama direba, ko tela, ko ma'aikacin ofis.

A wannan darasi za ku ga yadda yaro yake girma a waɗannan shekaru, da yadda iyaye masu aiki suke raba lokacinsu tsakanin sana'a da raino. Babban abin da za ku riƙe shi ne, yaro ba ya jiran ranar shiga aji kafin ya fara koyo. Karatunsa na farko yana cikin wanka da cin abinci da goyo da hirar gida.

Matakan Girman Yaro

Hausawa sun ce, da rarrafe yaro kan tashi. Jariri yakan fara zama wajen wata shida. Daga nan sai rarrafe, sai tsayuwa yana dafa bango ko kujera, sannan tatata. Yawancin yara suna fara tafiya da kansu tsakanin wata 9 da wata 18. Wani yakan riga wani, kuma wannan ba abin damuwa ba ne. Idan yaro ya kai shekara biyu yakan iya gudu, ya hau kujera, ya kai cokali bakinsa ko da rabin abincin zai zube. Haƙoransa na farko guda 20 ne, kuma sukan gama fitowa wajen shekara uku.

Magana ma tana da nata matakai. Wajen shekara ɗaya yaro yakan fara faɗin kalmomi kamar "mama" da "baba". A shekara biyu yakan haɗa kalma biyu, ya ce "ba ni" ko "Baba tafi". A lokacin yana da tsamin baki, wato ba ya iya furta wasu sautuka daidai. Zai ce "luwa" a maimakon "ruwa". Idan ya kai shekara uku sai ya fara yin gajerun jimloli, ya ishi kowa da tambayar "Mene ne wannan?"

A daidai wannan lokaci ƙwaƙwalwa tana girma da sauri ƙwarai. Wajen shekara uku, girmanta ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwaƙwalwar babban mutum. Shi ya sa masana lafiya suke ba da muhimmanci ga kwana 1,000 na farko, wato daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Yaron da ya rasa abinci mai gina jiki a waɗannan kwanaki yana iya tsumburewa, kuma gyaran wannan daga baya yana da wuya.

Komawa Bakin Aiki

Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mace mai aiki hutun haihuwa na mako 12. Ta kuma ba ta damar ɗaukar rabin awa sau biyu a rana domin ta shayar da jaririnta. Matan da suke aiki da gwamnatin tarayya suna samun mako 16. A shekarar 2021 gwamnatin tarayya ta amince maza ma'aikatanta su ma su riƙa samun kwana 14 idan matansu suka haihu. Amma mai sana'ar kanta ba ta da mai biyanta kuɗin hutu. Sau da yawa, da zarar ta yi arba'in, wato ta cika kwana 40 da haihuwa, sai ta koma kan sana'arta.

Ku lura da abin da wannan yake nufi. Uwa takan koma aiki tun kafin ɗanta ya fara zama. Saboda haka rarrafensa da tatatarsa da kalmominsa na farko duk suna zuwa ne a lokacin da iyayensa suke kai da kawowa tsakanin gida da wurin aiki.

Safiya a Gidan Ma'aikata

Mu ɗauki misalin uwa mai koyarwa, wadda dole ta isa makaranta kafin ƙarfe takwas. Takan tashi da asuba ta ɗora ruwa, ta dama kunu, ta yi wa yaro wanka, ta shafa masa mai, ta sa masa riga. Sannan ta haɗa masa jaka da abincin rana da ruwan sha da kayan canji. Uba yakan taimaka da ba shi kunu ko kai shi inda zai wuni. Lokaci kaɗan ne, kowa yana sauri.

Duk da haka, akwai karatu a cikin wannan sauri. Uwa tana cewa, "Kawo hannunka. Ina ƙafarka? Rufe idonka." Ta haka yaro yake sanin sunayen sassan jikinsa. Idan uba ya durƙusa ya ce, "Ina kwana?" yaro yana koyon gaisuwa. Idan an bar shi ya gwada sa takalmi da kansa, yatsunsa suna ƙara ƙwarewa. Ba a sayi littafi ba, ba a ƙara ko minti ɗaya ba. Abin da ya bambanta wani gida da wani shi ne ko ana yi wa yaron magana, ko kuwa ana shirya shi shiru kamar ana ɗaure kaya.

Wa Yake Riƙe Yaro da Rana?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyaye masu aiki suna bin ɗaya daga cikin hanyoyi huɗu.

Hanya ta farko ita ce barin yaro wurin kaka ko wata 'yar'uwa. A al'adar Hausawa akwai wasa tsakanin kaka da jika. Kaka takan kira jikanta namiji "mijina", ta kira mace "kishiyata". Wannan tsokana tana sa yaro ya saki jiki, ya koyi mayar da magana.

Hanya ta biyu ita ce gidan raino, inda ake biyan kuɗi. A nan yaro yana cuɗanya da tsararrakinsa, yana koyon jiran layi da raba abin wasa. Sai dai wajibi ne iyaye su duba tsabtar wurin, su kuma ga ko masu kula da yaran sun wadata.

Hanya ta uku ita ce tafiya da yaro wurin sana'a. Mai sayar da kaya a kasuwa takan goya ɗanta, ta ɗaure da majanyi. Yaron yana jin ɗumin uwarsa, yana jin gaisuwa da ciniki da ƙidayar kuɗi. Amma da zarar ya fara tatata, sai an sa masa ido sosai saboda babura da wuta.

Hanya ta huɗu ita ce ɗaukar 'yar raino. A nan akwai abin dubawa. Idan yarinya ce ƙarama wadda ya kamata a ce tana aji, to an gyara rayuwar yaro ɗaya ne an ɓata ta wani. Bayan haka, yarinya ƙarama ba za ta iya kare yaro daga haɗari yadda babba zai yi ba.

Yaro bai san wuta ba sai ta ƙona shi. Duk wanda aka bar wa yaro, dole ya rufe rijiya, ya zubar da ruwan da ya rage a bokiti, ya ɗauke tafasasshen ruwa daga ƙasa. Magunguna da kananzir kuwa a ajiye su can sama. Kada a zuba kananzir a robar ruwan sha ko kwalbar lemo, domin yaro zai ɗauka abin sha ne.

Abinci da Lafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba jariri nonon uwa zalla har wata shida. Daga nan a fara ba shi abinci, amma a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Wannan ya yi daidai da al'adar Hausawa, inda ake yaye yaro wajen shekara biyu, sau da yawa a kai shi gidan kakarsa ya yi 'yan kwanaki.

Cikin yaro ƙarami ne, don haka yana bukatar abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa a rana. Koko tsagwaronsa ba ya isa. A haɗa masa da kunun gyaɗa, faten wake, ƙwai, kifi, awara, alayyafo, zogale, gwanda da mangwaro. A wanke hannu da sabulu kafin a ba shi abinci. Da dare kuma ya kwana cikin gidan sauro.

Riga-kafi ya fi magani. A Nijeriya ana yi wa yaro allurar riga-kafin ƙyanda a wata 9, sannan a sake yi a wata 15. Wannan ta biyun ce iyaye masu aiki suke saurin mantawa, domin a lokacin yaron ya riga ya fara yawo kuma ga shi lafiya lau. Yana da kyau a adana katin asibiti, a nemi izini a wurin aiki tun kafin ranar. Haka kuma, idan yaro ya wuce wata 18 bai fara tafiya ba, ko ya kai shekara biyu ba ya haɗa kalmomi, ko ba ya waiwayowa idan an kira shi, to a kai shi asibiti a duba.

Yamma da Dare

Da yamma iyaye sukan dawo a gajiye, ga girki, ga wanki. A lokacin ne kuma yaro yake fara rigima. Zai manne wa uwarsa, ya yi ƙiwa, wato ya ƙi zuwa wurin kowa. Idan an hana shi abu sai ya kwanta ya yi birgima. Wannan ba mugun hali ba ne. Ya yi kewar iyayensa, kuma ba shi da kalmomin da zai faɗi abin da yake damunsa. Duka ba ya koya masa komai sai tsoro. Abin da ya fi shi ne a ɗauke shi, a rarrashe shi, a faɗa masa abin da ake so a taƙaice.

Hanya mafi sauƙi ga iyayen da suka gaji ita ce su miƙa wa yaro waya ya yi shiru. Amma a shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba yana kallon waya ko talabijin. Daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada kallon ya wuce awa ɗaya a rana. Waya tana magana, amma ba ta sauraron yaro. Shi kuwa yana koyon harshe ne idan ya faɗi abu aka amsa masa. Idan ya nuna akuya ya ce "me", sai a ce, "E, akuya ce. Tana cin ciyawa." Ya ba da kalma ɗaya, an mayar masa da shida.

Kayan wasansa ba sai an saya ba. Murfin tukunya da ludayi da ƙoƙo da kwali sun isa. Bayan cin tuwo, gajeriyar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ko waƙar raino tana kwantar masa da hankali. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kowace rana, idan an haɗa da na rana.

Yaro da Harsuna Biyu

A unguwar Sabo ta birnin Ibadan, ɗan Bahaushe yana jin Hausa a gida, yana jin Yarbanci a waje. Haka ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Gari ta Kano yake jin harshen iyayensa tare da Hausa. Jin harshe biyu ba ya hana yaro magana. Da farko yakan gauraya su, daga baya ya rarrabe. Ku da kuke koyon Hausa yanzu, ku dubi yadda yake yi. Yana saurare, yana maimaitawa, yana kuskure, kuma ba ya jin kunya. Sannu ba ta hana zuwa.

Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye masu aiki ba su da lokaci mai yawa, amma suna da safiya da yamma, kuma suna da ikon zaɓar wanda zai riƙe musu yaro da rana. Ku ma kuna da rabo a wannan aiki, domin ɗa na kowa ne. Idan kuna da ƙane ko ƙanwa a gida, ku zauna da shi bayan kun dawo daga makaranta. Ku faɗa masa sunayen abubuwa, ku amsa tambayarsa ko da ya yi ta sau goma.

Tambayoyi

1. Kawo matakan da yaro yake bi kafin ya fara tafiya.
2. Mene ne ma'anar tatata, da tsamin baki, da ƙiwa?
3. Bayyana hanyoyi huɗu da iyaye masu aiki suke bi wajen kula da yaro da rana.
4. Me ya sa hira ta fi waya amfani ga ƙaramin yaro?
5. Zaɓi karin magana biyu daga darasin, ka bayyana ma'anarsu.