Kwana da Dabbobin Gida a Ɗaki Ɗaya: Me Kimiyya Ta Ce?

Gabatarwa

A lokacin hunturu, idan sanyi ya tsananta da dare, ba abin mamaki ba ne yaro ya farka da asuba ya tarar da kyanwar gidansu ta duƙunƙune a ƙafafunsa cikin bargo. A ƙauyuka da dama kuma, akan tura akurkin kaji ƙarƙashin gado saboda tsoron muzuru ko ɓarawo, ko kuma a ɗaure ɗan akuya sabon haihuwa a bayan ƙofa don kada sanyi ya halaka shi. A birane kuwa, wasu matasa sun fara kiwon kyanwoyi da ƙananan karnuka na ƙawa, har suna kwana da su a gado ɗaya kamar yadda suke gani a finafinan Turawa. Wannan maƙala za ta duba abin da masana kimiyya suka gano game da wannan ɗabi'a. Abin da za mu gani shi ne, amsar ta dogara a kan abubuwa uku, wato irin dabbar, da irin kulawar da take samu, da kuma wanda yake kwance a ɗakin.

Dalilin da Ya Sa Dabba Ke Neman Shimfiɗa

Zafin jikin mutum mai lafiya yana kusa da digiri 37 a ma'aunin Selsiyos, na kyanwa da kare kuwa yana tsakanin digiri 38 da 39. Ƙaramar dabba takan yi asarar ɗumin jikinta da sauri fiye da babba, domin faɗin fatarta yana da yawa idan aka gwada da nauyinta. Saboda haka kyanwa kullum cikin neman wuri mai ɗumi take, ko gefen murhu, ko kan tulin wanki, ko jikin mai barci. Shi kuma yaro yakan ji daɗin ɗumin jikinta da gurnanin da take yi, har ya rage jin tsoron duhu. Wannan amfani ne na gaskiya, musamman ga wanda yake zaune shi kaɗai. Sai dai akwai abin da ake biya a madadinsa, kuma na farko shi ne barci.

Tasiri a Kan Barci

Lokacin barcin kyanwa ya saɓa da namu. Takan yi barcin sa'o'i 12 zuwa 16 a wuni, amma a rarrabe, kuma ta fi kuzari da magariba da kuma gab da asuba, lokacin da ɓeraye suke fitowa. Ke nan a daidai lokacin da ɗalibi yake buƙatar ƙarasa barcinsa, a lokacin ne ita take tashi neman hanyar fita.

A shekarar 2017 masu bincike a Asibitin Mayo da ke Amurka sun wallafa sakamakon wani nazari da suka yi a kan manya 40 masu lafiya, kowanne da karensa guda. An ɗaura wa mutanen da karnukan na'urar auna motsi har tsawon dare bakwai, domin a gano kashi nawa na lokacin kwanciya mutum ya yi yana barci. Waɗanda karensu ya kwana a ɗaki amma ba a kan gado ba, sun yi barcin kimanin kashi 83 cikin ɗari na lokacin kwanciyarsu. Waɗanda suka kwana da kare a gado ɗaya sun samu kimanin kashi 80. Idan muka ɗauki kwanciyar sa'o'i takwas, wato minti 480, bambancin ya kama kusan minti 14 a kowane dare. Bambancin ba mai yawa ba ne, amma ya nuna mana cewa zaman dabba a ɗaki daban yake da hawanta kan shimfiɗa.

Ya kamata mai karatu ya lura da irin karnukan da ake magana a kansu. A can Amurka, karen da ke kwana a ɗaki galibi ana yi masa allurar rigakafi da wanka, kuma ba ya yawo shi kaɗai. Kyanwar gidajenmu kuwa tana wuni a kan katanga, ta bi juji da kwata, ta ci ɓera da ƙadangare, ta yi faɗa da muzurun unguwa, sannan ta dawo ɗaki da dare. Duk abin da ta taka ko ta ci, da shi take hawa gado.

Abin da Gashi da Fata Ke Ɗauke da Shi

A shekarar 2011 wasu likitocin dabbobi biyu a jihar Kalifoniya, Bruno Chomel da Ben Sun, sun tattara rahotannin cututtukan da mutane suka kamu da su ta hanyar kwana da dabbobi, ko sumbatarsu, ko barinsu suna lasar jiki. Sun nuna cewa a ƙasashen da aka yi ƙididdiga, kashi 14 zuwa 62 cikin ɗari na masu karnuka da kyanwoyi suna barinsu su hau gado. Kamuwa da cuta ta wannan hanya ba ta cika faruwa ba, amma wani lokaci takan zo da tsanani. Alal misali, a shekarar 1974 a jihar Niyu Meziko, wani mutum ya kamu da annobar nan da ƙumar ɓera ke yaɗawa, irin wadda ta halaka ɗimbin jama'a a Turai a ƙarni na 14, bayan ya kwana da kyanwarsa mai ƙuma.

Ƙuma ita ce babbar matsalar shimfiɗa. Macen ƙuma tana iya saka ƙwai 40 zuwa 50 a rana. Ƙwayayen ba sa mannewa a gashi, zubewa suke yi a inda dabbar ta kwanta, su ƙyanƙyashe a cikin tabarma da katifa da tsagar daɓe. Ƙuma ce kuma ke yaɗa wata ƙwayar cuta a tsakanin kyanwoyi, wadda idan ta shiga jikin mutum ta yakushi takan haddasa zazzaɓi da kumburin kaluluwa. Bugu da ƙari, ƙaramin yaro da ya haɗiye ƙuma cikin rashin sani yana iya kamuwa da wata irin tsutsar ciki.

Sai makero, wanda kowane malamin makaranta ya san shi a kan ɗalibai. Wani nau'in naman gwari ne da ido ba ya gani yake kawo shi. Yara suna ɗaukarsa daga juna ta hanyar aska da hula da mataji, amma akwai nau'in da ake ɗauka daga kyanwa da kare, musamman 'ya'yansu. Dabba tana iya ɗauke da shi ba tare da wata alama ta bayyana a jikinta ba, kuma irinsa yana daɗewa watanni a jikin bargo da matashi.

Har ila yau akwai batun masu cutar asma. Yawun kyanwa da fatarta suna ɗauke da wani sinadari da jikin wasu mutane yake ƙyama. Idan ta lashe gashinta sai sinadarin ya bushe, ya bi iska, ya sauka a kan katifa da labule. Mai irin wannan jiki zai yi ta atishawa da ƙaiƙayin ido da toshewar numfashi. Da yake mutum yana shafe kusan kashi ɗaya bisa uku na rayuwarsa a ɗakin kwana, nan ne wurin da ya fi cancanta a nisanta daga wannan sinadari.

Cizo, Yakushi da Ciwon Haukan Kare

Hausawa sukan kira wanda ba ya cutar da kowa kyanwar Lami, wadda ba ta cizo ba ta yakushi. A zahiri babu kyanwa irin wannan. Dabbar da aka danne cikin barci takan kai cizo ko yakushi kafin ta gane wanda ya taɓa ta, kuma fuska da hannu ne suka fi kusa da ita.

Mafi munin abin da cizo ke jawowa shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutane 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kare ne sanadin kusan dukkan waɗannan mace-mace, amma kyanwa ma tana kamuwa kuma tana yaɗawa. Ƙwayar cutar tana cikin yawu, tana shiga ta cizo, ko yakushi, ko lasar rauni, sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Da zarar alamu sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira.

Abin farin ciki shi ne akwai rigakafi tun shekarar 1885, lokacin da Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro da mahaukacin kare ya ciza. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa allurar rigakafin wannan ciwo domin dabbobi. Wanda dabba ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan ya garzaya asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne.

Kaji, Tantabaru da Awaki

Addini da al'ada sun sa kare bai cika shiga ɗakin Bahaushe ba, wurinsa ƙofar gida ne ko garke ko dajin farauta. Dabbobin da suka fi kwana da mu su ne kaji da tantabaru da ƙananan awaki, kuma haɗarinsu bai gaza na kare ba. Kashin kaji yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa, kuma jariri mai rarrafe duk abin da ya tsinta a ƙasa baki yake kai wa. Busasshen kashin tsuntsaye kuma yakan zama ƙura, a shaƙe shi cikin ɗakin da aka rufe ƙofa da taga saboda sanyi.

A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye mai tsanani a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko da aka tabbatar da wannan nau'in nata a nahiyar Afirka. A cikin shekarar ta isa Jamhuriyar Nijar, kuma a farkon 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Mutane sukan kamu da ita ne ta hanyar cuɗanya sosai da kaji marasa lafiya ko matattu. Abin takaici, kazar da ta fara rashin lafiya ita ce ake tausayawa a shigar ɗaki. Haka nan akuya ko tunkiya mai haihuwa, domin ruwan haihuwa da mabiyiya suna iya ɗauke da ƙwayoyin da ke sa mutum doguwar masassara.

Waɗanda Haɗarin Ya Fi Shafa

Babban mutum mai ƙoshin lafiya yana iya jure yawancin abubuwan da muka ambata. Akwai dai rukuni huɗu da bai kamata dabba ta kwana a ɗakinsu ba. Na farko jarirai da ƙananan yara, domin dabba mai neman ɗumi tana iya kwanciya kusa da fuskar jariri ta toshe masa numfashi, shi kuwa ba ya iya ture ta. Na biyu masu juna biyu, saboda wata ƙwayar cuta mai suna toksofilasma da ke fita a kashin kyanwa, wadda kan cutar da ido da ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Ƙwayar tana buƙatar kwana ɗaya zuwa biyar a waje kafin ta iya harbi, don haka a riƙa kwashe kashin kullum, kuma wani ne zai kwashe ba mai cikin ba. Na uku masu asma. Na huɗu waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, kamar tsofaffi da masu cuta mai karya garkuwar jiki da masu shan maganin daji.

Wurin da Ya Dace da Kowace Dabba

Duk wannan bayani ba ya nufin a kori kyanwa daga gida. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi, kuma ajiye kyanwa yana cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa domin rage ɓeraye a gida. To amma kyanwar da aka kulle a ɗakin kwana ta bar aikinta ke nan. Wurinta shi ne kusa da rumbu da ɗakin ajiya. Ga kuma faratanta, waɗanda kan huda gidan sauro su buɗe wa zazzaɓin cizon sauro ƙofa.

Saboda haka a tanadar mata kwali ko kwando da tsohon zane a zaure ko a wani lungu mai ɗumi, a kuma riƙa rufe ɗakin kwana da dare. A gina wa kaji akurki mai ƙarfi a tsakar gida, a yi wa awaki rumfa mai kariya daga iska. A kai kare da kyanwa asibitin dabbobi domin allurar rigakafi tun suna wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara, tare da maganin ƙuma da na tsutsa. A riƙa shanya shimfiɗa a rana, a kuma wanke hannu da sabulu bayan taɓa dabba. Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa, kuma babu ɗaya daga cikin rukunan nan huɗu a ɗakinsa, yana iya barin dabbarsa ta kwana a ƙasa a kan tata shimfiɗar.

Kammalawa

Mun ga cewa dabbar da take yawo kuma ba ta da rigakafi ba ta dace da ɗakin kwana ba, wadda ake kula da ita ma ƙasa ta fi dacewa da ita a kan gado. Malaman kimiyya suna iya sa ɗalibai su gwada abu mai sauƙi: a tsayar da kyanwa a kan farar takarda, a taje gashinta, sannan a ɗiga ruwa a kan baƙaƙen ɗigon da suka zubo. Idan suka narke suka yi ja, to kashin ƙuma ne, wato jinin da ta sha. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa zai iya yi wa mutanen gidansu bayanin dalilin da ya sa kyanwa za ta koma kwana a zaure.