Ma'aunin zafin nama ma yana bukatar awo

Mai gasa kaji ko mai girkin biki da ya sayi ma'aunin zafin nama ya yi abin yabo. Sai dai ma'aunin da ya kauce ya fi dogaro da ido haɗari, domin mai shi ya riga ya sakankance. Ƙa'idar kauce wa ƙwayar salmonela ita ce tsakiyar tsokar kaza ta kai digiri 74 a ma'aunin Salsiyos. Idan allura tana ƙara biyar, a 69 za a sauke kazar a miƙa wa baƙi.

Gwajin ba wuya. A cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, a zuba ruwan sanyi, a motsa, a tsoma tsinken ma'aunin kimanin santimita biyar, kada ya taɓa gindin kofin. Bayan daƙiƙa 30 ya kamata ya nuna sifili. In ya saɓa, a murɗa notin da ke ƙarƙashin fuskarsa har allura ta daidaita. Wanda ba ya gyaruwa a sauya shi.

Gwaji da tafasasshen ruwa yana da sharaɗi: a Legas ruwa na tafasa a digiri 100, a Jos kuwa kimanin 96, saboda tudu. Ƙanƙara ta fi aminci. Duk ranar da ma'aunin ya faɗi ƙasa, a sake gwada shi kafin a ɗora nama.