Shin Ko Kun San? Asalin Kalmar "Predominant"

Shin ko kun san kalmar Turancin nan "predominant", da ɗalibai ke yawan gani a jaridu da littattafan labarin ƙasa, tana nufin abin da ya fi rinjaye, ko ta yawa ko ta ƙarfi?

Shin ko kun san ba Turawan Ingila ne suka ƙirƙire ta ba? A ƙarni na 16 suka aro ta daga Faransanci, Faransawa kuma daga Latin suka gada. Gaɓa biyu ce: "prae", wato gaba, da "dominari", wato yin mulki.

Shin ko kun san tushenta a gida yake? Romawa suna kiran gida "domus", mai iko da shi kuma "dominus", daidai da yadda Bahaushe ke cewa maigida. Ke nan ikon maigida a kan iyalinsa ne ya haifi kalmar.

Shin ko kun san masu duban taurari na cikin waɗanda suka fara amfani da ita a Ingila? Da ita suke siffanta tauraron da suka yi imani shi ke juya al'amuran mutum. Marubuci Shakespeare ma ya yi amfani da ita a wannan ma'ana a wasannin kwaikwayonsa. Likitocin zamanin kuwa suna faɗinta a kan ɗaya daga cikin ruwaye huɗu da suka yi imani suna jikin mutum, wanda suke ganin ya danne sauran.

Shin ko kun san 'yan uwanta na bakinmu kullum? "Madam" daga "domina" take, wato uwargida. "Dimanche", sunan Lahadi a Faransanci da mutanen Nijar suka sani, shi ma daga tushen "dominus" ya fito. Haka tsibirin Dominika: ranar Lahadi matuƙin jirgin ruwan nan Kolombus ya hango shi a 1493, sai ya raɗa masa sunan ranar.

Shin ko kun san "danger", wato haɗari, ita ma 'yar dangi ce? Da farko ma'anarta ikon da shugaba ke da shi na cutar da wanda ke ƙarƙashinsa.

Ɗalibai, ku riƙe wannan da kyau: idan kun ga "predominant" a takardar jarrabawa, kada ku tsaya ga yawa kaɗai. Ku duba wanda ke da ta cewa, domin 'yan tsiraru ma kan yi rinjaye idan iko na hannunsu.