Waƙa da Harshen da Babu Mai Jin Sa

Duk wanda ya taso a Sakkwato ya san zaurance: yara su cusa wata gaɓa cikin kalma, ko su juya ta baibai, su sha hira a gaban babba bai tsinci komai ba. Amma zaurance Hausa ce da lulluɓi. Wasu mawaƙan Turai harshe suka ƙago sabo fil.

Christian Vander, makaɗin ganga na ƙungiyar Magma da aka kafa a Faransa a 1969, shi ya ƙirƙiro harshen Kobaïan don waƙoƙinsu. Ƙungiyar Sigur Rós ta ƙasar Aisilan kuwa ta rera faifanta na 2002 kakaf da Vonlenska, sautuka ne kawai ba ma'ana. A kiɗan lantarki na gwaji aikin ya fi sauƙi: a naɗi murya, kwamfuta ta yayyanka ta, ta ja ta, ta maimaita, har ta koma kamar kukan goge.

Na'ura dai ba baƙuwarmu ba ce, tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kiɗan lantarki a Yamai. Sai dai a wurinmu da azancin baiti ake auna mawaƙi, kuma tambayar farko ita ce: "Wai me yake cewa?"