Kafin Ka Biya Kuɗin Shiga Gasar Motocin Daji

Dattawan Agadez ba su manta da watannin Janairu na shekarun 1980 ba, lokacin da motocin gasar Paris-Dakar kan shigo garin da ƙura da rugugin inji, su kwana, sannan su nausa hamadar Tenere. Gasar ta daɗe da barin Afirka, amma bidiyonta na yawo a wayoyin samarinmu, kuma wanda Allah ya hore wa Hilux ko Land Cruiser sai ya fara jin shi ma zai iya. Wasu har sun fara tambayar wace gasa za su shiga. Yawancinsu sunan gasar ke jan su. Abin da ya kamata sabon shiga ya tambaya biyu ne: da me ake cin gasar, kuma wa zai zo ya ɗauke shi in motarsa ta mutu inda babu kowa.

Dakar dai a cire ta daga lissafi tun yanzu. Wanda ya kafa ta, Bafaranshe Thierry Sabine, shi kansa ɓacewa ya yi a hamada da baburinsa a 1977, kuma daga wannan ɓatan tunanin gasar ya zo masa. A karon farko, a Disambar 1978, ababen hawa 182 suka tashi daga Paris, 74 kawai suka isa Dakar. A 1982 Mark Thatcher, ɗan firaministar Birtaniya, ya yi kwana shida ana nemansa a hamadar Aljeriya. Sabine kuwa ya rasu a 1986 a ƙasar Mali, da jirgi mai saukar ungulu da yake bin gasar da shi ya faɗi. An soke gasar 2008 saboda barazanar 'yan bindiga a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020. Kada mutum ya ce ai ya san Jidda don ya je Umra. Wajen mako biyu ake yi ana cin dubban kilomita, kuɗin rajistar mota kaɗai dubun-dubatar Yuro ne, kuma masu shiryawa sai sun ga irin gasannin da mutum ya taɓa yi kafin su karɓe shi. Haka ma a cire Africa Eco Race, wadda ta gaji tsohuwar hanyar zuwa Dakar tun 2009. Duk gasar da agogo ne alƙalinta, sabon shiga zai taka mota fiye da iyawarsa, don yana ganin ƙurar na gabansa.

Akwai wani nau'in da ba a damu da wa ya riga isa ba. A Maroko, gasar mata zalla ta Aïcha des Gazelles, wadda aka fara a 1990, taswira da kamfas ake ba mahalarta, an hana amfani da GPS, kuma wadda ta bi duk wuraren da aka sa alama da mafi ƙarancin kilomita ita ta ci. Irin wannan ta fi dacewa da mai koyo, domin tana tilasta wa mutum ya tsaya, ya sauko, ya taka tudun rairayi da ƙafarsa ya ga abin da ke bayansa kafin ya hau da mota. Ana kuma yin gasar kiyaye lokaci, inda ake ba direba matsakaicin gudun da zai riƙe, wanda ya wuce shi a ci shi tara kamar wanda ya makara.

Sai dai ba duk gasar gajeriyar hanya ce mai sauƙi ba. Rhino Charge ta Kenya, wadda ake yi tun 1989 don tara kuɗin kare dazuzzuka, ita ma da ƙarancin kilomita ake cin ta: wurare 13 cikin awa 10. To amma miƙaƙƙiyar hanya a can ta kan duwatsu da kwazazzabai take bi, motocin kuma an sake musu gini ne musamman don wannan aikin. Wannan kallo ya kamata baƙo ya fara zuwa.

Nau'i na uku shi ne tafiyar ayari. Budapest-Bamako, da aka fara a 2005, don talakawan masu sha'awa aka yi ta, kuma tana da rukunin 'yan yawon buɗe ido waɗanda ba sa gasa da kowa. Arharta ce ke jan mutane, kuma a nan ne za a yi hattara: taimakon masu shiryawa kaɗan ne, in kulocinka ya ƙone kai da abokan tafiyarka za ku san yadda za ku yi. Rashin tsaro ma ya sa ta sha sauya zangonta na ƙarshe, har ta kai ga ƙarewa a Freetown ta Saliyo.

Ni a ganina, wanda bai taɓa kafewa a yashi ya fid da kansa ba, bai kamata ya tsallaka iyaka ba tukuna. Ya fara da fitar yini guda tare da masu irin motarsa, a wurin da ake samun sabis ɗin waya, asibiti kuma bai yi nisa ba. A nan zai koyi abubuwan da bidiyo ba ya nunawa. A yashi mai laushi rage iskar taya ake yi, sau da yawa zuwa kusan rabin abin da ake sa wa a kwalta, don tayar ta baje ta hau kan rairayi, sannan a mayar da iskar da zarar an fito kan duwatsu. Mota in ta fara nutsewa, sabon direba ƙara wuta yake yi, tayoyin su haƙa rami har cikin motar ya zauna a ƙasa. Wanda ya saba ɗaga ƙafa yake yi nan take, ya ɗauko shebur. Kuma kan tudu ba a tsallake shi da gudu, domin bayansa na iya zama gangare a tsaye.

Wurin jawo motar da ta kafe ma ana rasa rai, ba tare da kowa ya yi gudu ba. Mutane kan maƙala igiyar ja a dunƙulen ƙarfen nan na bayan mota da ake ɗaura tirela. Ba a yi shi don fizga ba. In ya karye, igiyar mai talewa za ta harbo shi kamar dutse daga gwafa, ya fasa gilashi ya sami wanda ke ciki. A ƙugiyar da ke manne da gangar jikin mota ake ɗaurawa, 'yan kallo kuma su ja da baya fiye da tsawon igiyar.

Kafin ka tura wa kowa kuɗi, nemi takardar dokokin gasar a rubuce. Gasar kirki za ta faɗi ko akwai likita da motar asibiti, ko akwai motar da ke bin baya tana kwashe waɗanda suka lalace, ko ana maƙala wa kowace mota na'urar da ke nuna inda take, da kuma hukumar da ta ba da izini. Za ta duba motarka kafin tashi: bel, hular kwano, abin kashe gobara, ruwan sha, da ƙarafan kariya a cikin mota in gasar gudu ce. Wanda ya tallata gasa a Facebook da hotuna masu kyau, ka tambaye shi waɗannan ya ce kada ka damu, riƙe kuɗinka. Ka sani kuma inshorar mota ta yau da kullum yawanci ba ta biyan ɓarnar da aka yi a gasa, kuma kuɗin rajista shi ne ƙaramin kashi. Mai, tayoyi, bakanike, biza, takardun shigar da mota wata ƙasa da katin rigakafin shawara duk a wuyanka suke.

Hanyoyin nan ba fili ne da babu mai shi ba. A 2006 motocin Dakar sun kashe yara biyu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. Mu da muka san yadda yara ke rugowa in sun ji ƙarar mota, da yadda garken shanu ke ɓullowa daga bayan ƙurmi, bai kamata sai an gaya mana ba. Duba ko gasar tana da dokar rage gudu a ƙauyuka da hukuncin wanda ya karya ta, ko an nemi yardar masu gari, ko kuma hanyar ta ratsa gonaki da damina. A arewacin Nijar da Mali da wasu dazuzzukan arewacin Najeriya, halin tsaro a yau ya sa ba a shiga haka kawai, kome kyan mota. A bi abin da hukumomin yankin suka ce.

In kuwa ƙaddara ta sa mota ta mutu a hamada, kada ka bar ta ka kama hanya a ƙafa. Masu nema sun fi saurin hango mota daga sama fiye da mutum, inuwarka da ruwanka kuma suna wurinta. Shi ya sa tun kafin tashi ake bar wa wani na gida bayanin hanyar da za a bi da lokacin da ya kamata ya ji muryarka, don in lokacin ya wuce ya san wanda zai kira.