Me ya sa jirgin da aka haɗa a gida yake ƙin bin umarni a sama?

Matashin da ya haɗa jirgi maras matuƙi da hannunsa a Sakkwato ya san wannan tashin hankali. Jirgin yana tashi lafiya ƙalau muddin ana juya shi da rimot, amma da zarar an miƙa shi ga na'urar tuƙi da kai, wadda ya kamata ta tsayar da shi wuri guda, sai ya fara zagaye, da'irar tana faɗaɗa, har ya doki bango ko ya nufi gidan maƙwabta. Nan take a ɗora laifi kan ƙarfen sabis na unguwa, ko a ce allon da aka yi oda jabu ne. A mafi yawan lokuta mai laifin yana cikin jirgin, na'urorinsa ne ke toshe wa juna kunne.

Ba ƙananan jirage kaɗai ke fama da wannan ba. Masu haɗa jirgin da mutum ke shiga a garejinsu a Amurka, irin Van's RV, wanda a kan samfurinsa na RV-6A aka ƙera Air Beetle a Kaduna domin rundunar sojin sama, sun daɗe da sanin cewa matuƙi na iya danna maɓallin magana a rediyo, hancin jirgin ya zabura. Wani lissafi ma na nuna yadda abin yake: idan rediyon jirgi ya yi magana a kan megahaz 121.175, ninkinsa na 13 yana faɗawa kusan daidai kan megahaz 1575.42, inda GPS ke saurare.

GPS ɗin kuwa kunnensa ne mafi rauni. Taurarin suna can sama da nisan kilomita kusan 20,200, kafin siginarsu ta iso ƙasa ta riga ta zama raɗa. Duk wata na'ura mai surutu kusa da eriyar, kamar kyamara, ko na'urar aiko da bidiyo musamman mai aiki a kan gigahaz 1.2 ko 1.3, ko ƙaramin allon rage ƙarfin wuta mai araha, tana iya danne wannan raɗar. Gwajin ba ya buƙatar tashi. A cire farfela, a ajiye jirgin a fili, a haɗa shi da manhajar QGroundControl a wayar Android ko Mission Planner a kwamfuta, a kunna allon tuƙi da GPS kaɗai. A rubuta adadin taurarin da aka kama da lambar da ake kira HDOP, wadda ƙanƙantarta ke nuna ingancin sanin wuri. Manhajar ArduPilot tana son ta ƙasa da 1.4. Sai a riƙa kunna sauran na'urorin ɗaya bayan ɗaya, ana jira minti biyu zuwa uku tsakani. Wadda aka kunna taurari suka zube, ita ce.

Shi kuwa zagayen nan mai faɗaɗa, kusan kullum aikin kamfas ne. Kamfas yana auna maganaɗisun duniya, wanda ba shi da ƙarfi sosai, alhali kaurin kebul ɗin da ke ɗauko wuta daga batir zuwa injinan farfela yana samar da nasa maganaɗisun, kuma yana ƙaruwa gwargwadon wutar da ake ja. Abin da ya sa matsalar ke da wuyar kamawa ke nan: a ƙasa komai daidai, arewa tana arewa, sai an ba da wuta arewar ta goce. GPS ya ce a koma can, kamfas ya nuna hanyar da ba ita ba, jirgin ya yi ta gyara kuskure da wani kuskuren. ArduPilot tana da gwajin da ake kira CompassMot wanda ke auna wannan. Ƙasa da kashi 30 cikin 100 ba damuwa, idan ya haura 60 sai an matsar da kamfas. Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne saita kamfas a saman dakin, ko kusa da mota ko babur. Rodin da ke cikin siminti ya isa ya ɓata saitin tun kafin a tashi.

Maganin bai kai a sayi sabon allo ba. Nisa ya fi komai: ninka tazara sau biyu yana rage ƙarfin siginar rediyo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, shi ya sa ake ɗora GPS da kamfas a kan ɗan sanda sama da jikin jirgin. A murɗe jan kebul da baƙi na batir su zama kamar igiya, domin maganaɗisunsu ya soke juna, a gajarta su, kada su kwanta tare da siraran wayoyin sigina. Ƙullun nan da ke jikin kebul ɗin cajar laptop zoben ferait ne, aikinsa shanye hayaniya, kuma yana amfani a nan. Fallen jan ƙarfe a ƙarƙashin GPS yana kare shi daga surutun da ke tasowa daga ƙasa, amma wanda ya rufe samansa ya makantar da shi gaba ɗaya. Kada kuma a kunna na'urar aiko da bidiyo babu eriya a jikinta, tana iya ƙonewa, balle a zafin Afrilu na Sakkwato da ke haura digiri 40.

Wayar da ke aljihu ma tana da nata rabon. Yawancin rimot suna aiki a kan gigahaz 2.4, zangon da Wi-Fi da Bluetooth ke amfani da shi, don haka hotspot a kunne kusa da rimot yana iya rage nisan da umarni ke kaiwa.

Akwai kuma wanda babu mai gyara shi da sukurdireba. Najeriya tana yankin da saman sararin samaniya ke birkicewa bayan faɗuwar rana, siginar GPS ta riƙa rawa, musamman wajen watannin Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba. Jirgin da ya tsaya cak da hantsi yana iya yin tangaɗi bayan magariba ba tare da an taɓa masa komai ba.

Inda za a yi gwajin tashi shi ma abin lura ne. Tun 2016 hukumar NCAA ta hana tashin jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a jihar da jami'an tsaro ke cikin shiri, jirgin da ya ɓace wa mai shi ba asarar kuɗi kaɗai zai jawo ba. A nisanci filin jirgin Sultan Abubakar III da ke kudu da gari, da barikoki, da taron jama'a. A tashin farko kada a wuce tsayin mita biyu zuwa uku, yatsa na kan maɓallin da ke dawo da tuƙi hannu, kuma bayan an sauka a buɗe bayanan da allon ya adana a duba ko layin kamfas yana hawa da sauka tare da layin wutar batir.