Dick Tiger: Ɗan Damben da Ya Ɗaura Kambun Duniya Sau Uku

A darasin fassara ne aka ba mu wani labarin wasanni mu mayar da shi Hausa, sai gardama ta ɓarke a ajinmu kan kalmomin damben Turawa. Wasu suka ce a ari kalmomin kawai, ni kuwa na tsaya a kan cewa Bahaushe ya riga ya tanadi nasa: turmi, kisa, kambu, zakara. Neman hujja ne ya kai ni ga tarihin Dick Tiger, kuma na ji kunya da na ga yawancinmu a nan Maiduguri mun san Muhammad Ali da Shago, amma ba mu taɓa jin sunan wannan ɗan Nijeriya ba.

Sunansa na yanka Richard Ihetu. An haife shi a Amaigbo, ƙasar Ibo, a shekarar 1929, ya kuma tashi yana sayar da kwalabe a kasuwar Aba. A 1955 ya tafi Liverpool ta Ingila, inda ya fara da ƙafar hagu, domin an doke shi a wasanninsa huɗu na farko. Bai tattara kayansa ya dawo ba. A 1958 ya buge Pat McAteer ya karɓi kambun ƙasashen renon Ingila, shekara guda bayan haka ya wuce Amurka.

A nan ya kamata mai karatu ya gane wani bambanci. A damben gargajiya, hannu ɗaya ake naɗewa, ɗayan kuma garkuwa ne, kuma da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa. A na Turawa kuwa hannu biyu ake sa wa safa, wanda ya faɗi sai alƙali ya ƙirga masa goma, in ya miƙe a ci gaba. In ba a yi kisa ba, maki ne ke raba gardama, kuma a zamanin Tiger turmi 15 ake yi a wasan kambu. Sannan akwai ajin nauyi. Shi yana ajin matsakaita ne, wanda iyakarsa wajen kilo 72 da rabi.

Ranar 23 ga Oktoba 1962, a San Francisco, ya doke Gene Fullmer da maki ya zama zakaran duniya, na biyu daga Nijeriya bayan Hogan Bassey wanda ya yi nasa a Faris a 1957. Suka sake haɗuwa a Las Vegas aka yi kunnen doki. Karo na uku shi ne abin tunawa, domin a gida aka yi shi, a filin wasa na Liberty da ke Ibadan, ranar 10 ga Agusta 1963. Fullmer ya sha naushi har ya kasa fitowa bayan turmi na bakwai. Mu lura, wannan ya faru shekara 11 kafin Ali da Foreman su gwabza a Kinshasa.

Kambu kuwa ba ya zama a damtse ɗaya. Joey Giardello ya ƙwace shi a ƙarshen 1963, ya yi ta jan ƙafa, sai a 1965 Tiger ya karɓo abinsa. Emile Griffith ya sake ƙwacewa a 1966. Maimakon ya yi ritaya, yana ɗan shekara 37, sai ya haura aji na gaba mai iyakar kilo 79, inda kusan kowa ya fi shi tsawo da jiki, ya kayar da José Torres a watan Disamba na shekarar. A ganina wannan ce babbar bajintarsa, ta fi ta Ibadan. Ya riƙe kambun har Mayun 1968, lokacin da dogon nan Bob Foster ya yi masa kisa a turmi na huɗu.

Sai dai a waɗannan shekaru hankalinsa ba a fagen dambe kaɗai yake ba. Bayan juyin mulki da kashe-kashen 1966, waɗanda Arewa ta ga nata mummunan kaso, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Tiger ya bi ɓangaren Biyafara, har aka ba shi muƙamin laftana, ya riƙa zuba kuɗin dambensa wajen taimakon mutanensa. A 1969 ya mayar wa Ingila lambar girma ta MBE da ta ba shi, saboda goyon bayan da take bai wa gwamnatin tarayya. Kadarorin da ya tara a Legas suka salwanta. Wani zai ce ya zaɓi ɓangaren da bai dace ba, wani ya ce ɗan'uwa rabin jiki ne. Ko ma dai yaya, ya biya farashin zaɓinsa da dukiyarsa.

Wasansa na ƙarshe a 1970 ne, Griffith ya sake doke shi da maki. Jimilla ya ci wasa 60, an doke shi 19, an yi kunnen doki 3. Daga nan mutumin da ya sha cika Madison Square Garden da 'yan kallo ya koma aikin gadi a wani gidan adana kayan tarihi na birnin New York, inda aka gano yana da sankarar hanta. Gwamnati ta ba shi izinin dawowa gida, ya rasu a Aba ranar 14 ga Disamba 1971, yana da shekara 42. A 1991 aka sa sunansa a zauren karrama gwarazan damben duniya da ke Amurka.

Game da gardamarmu ta aji kuwa, turmi da kambu da zakara sun shige ba musu. Kisa ce ta ƙi zama daidai, domin faɗuwar da Bahaushe ke kira kisa, a wurin Bature tana iya zama somin-taɓi, tunda akwai sauran ƙirga goma. Malaminmu ya ce mu je mu nemo wa wannan faɗuwa suna kafin darasi na gaba.